Yadda Ake Yi wa Sabon Kundin Waƙoƙi Sharhi

Tun daga watan Yuli na 2015 manyan kamfanonin waƙa na duniya suka tsayar da Juma'a a matsayin ranar fitar da sababbin kundaye, shi ya sa duk wanda ya ɗora wa kansa aikin sharhin waƙa yake wayar garin Juma'a da tarin albam a gabansa, daga na gambarar zamani, wato hip-hop, zuwa na rege, daga amapiyano na Afirka ta Kudu zuwa jitar Buzaye ta Agadas, ga kuma na nanaye da na bege da ake saki a Kano da Kaduna da Jos ba tare da jiran wata rana ba. Gaggawar riga kowa magana ita ce ke kashe sharhi, domin yawancin abin da ake rubutawa kafin la'asar ɗin ranar sanarwa ce kawai cewa kundi ya fito, aka yaɓa mata yabo ko kushe. Aikin mai sharhi shi ne ya gano abin da kundin ya yi niyyar yi, sannan ya nuna wa mai karatu inda aka cim ma niyyar da inda aka gaza, da hujjar da mai karatun zai iya zuwa ya ji da kunnensa.

Sauraro na farko ka yi shi daga waƙar farko har ta ƙarshe, bisa jerin da mawaƙin ya tsara, ba tare da tsallake ko ɗaya ba, ba alƙalami a hannu, kuma kafin ka karanta abin da wani ya faɗa a Facebook ko TikTok. A wannan karon ne kawai za ka ji kundin kamar yadda kowa zai ji shi, don haka ka lura da inda hankalinka ya tafi wani wuri da inda ya dawo da kansa. A karo na biyu sai ka ɗauki takarda, kana rubuta lambar waƙa da minti da daƙiƙar da wani abu ya faru: inda kiɗa ya sauya, inda murya ta gaza kai wa inda ta nufa, inda wani baiti ya tsayar da kai. Waɗannan lambobi su ne jarinka, domin su za su raba hukuncinka da ra'ayin majalisa.

Daga nan sai ka sauya abin sauraro. Ka ji kundin da abin sawa a kunne mai kyau, ka ji shi a lasifikar mota ko ta ɗaki, sannan ka ji shi a lasifikar wayar hannu, tun da ta nan mafi yawan mutanenmu za su same shi. Ƙaramar lasifikar waya ba ta iya fitar da amo mai kauri, saboda haka waƙar da aka gina ta kacokan a kan wannan amo takan koma fayau a waya, sai murya da siraran sautuka kawai. Injiniyan da ya san aikinsa yakan bar wa amon wata 'yar alama a tsakiyar sauti yadda ko a waya za a ji tafiyarsa, kuma gano ko an yi hakan ko ba a yi ba yana cikin abin da za ka gaya wa mai karatu.

Kafin ka yanke hukunci a kan tsawon kundi da jerinsa, yana da kyau ka san abin da ya haifar da su. Faifan garmaho mai dogon zango da kamfanin Columbia ya fitar a 1948 yana ɗaukar kimanin minti 22 a kowace fuska, wannan ne ya sa tsofaffin kundaye ke tsayawa a wajen minti 40, kuma masu tsara su suke tunanin waƙar buɗe kowace fuska da ta rufe ta. Faifan CD da ya shigo kasuwa a 1982 ya ba da damar minti 74, sai kundaye suka fara tsawo. Yanzu kuma lissafin sauraro ta intanet ne ke jan ragama: a ƙarshen 2014 mujallar Billboard ta Amurka ta fara ƙirga sauraro 1,500 a matsayin sayar da kundi ɗaya, ko da yake ta sauya alƙaluman daga baya, kuma Spotify, wanda ya fara aiki a Najeriya a 2021, ba ya ƙirga sauraro sai an kai daƙiƙa 30. Sakamakon haka shi ne kundaye masu waƙa 20 ko fiye, kowace gajera, kowace ta jefo amshinta tun daga bakin ƙofa. Idan ka gamu da irin wannan, tambayar da za ka yi ita ce waƙoƙi nawa za a cire ba tare da kundin ya yi asarar komai ba, kuma ka ambace su ɗaya bayan ɗaya. Ka duba kuma ko jerin yana da dalili, wato ko waƙa ta biyar tana buƙatar ta huɗu ta zo kafin ita, ko kuwa tarin waƙoƙi ne da aka riga aka saki daban-daban aka ɗaure su da bango ɗaya.

Inda masu sharhi suka fi zamewa shi ne wajen ma'auni, domin kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma kowane nau'in kiɗa yana da abin da masu shi suke ɗauka gwaninta. Wanda ya ce waƙar amapiyano ta yi tsawo, ko ta daɗe ba a fara rerawa ba, bai fahimci cewa an gina ta ne don fagen rawa ba, inda ake jan mai sauraro a hankali har zuwa lokacin da gangarta mai kaurin amo za ta faɗo. Abin dubawa a nan shi ne ko jiran ya biya. A rege, inda ake barin bugu na farko fanko a sauke nauyin ganga a kan na uku, ana sauraron yadda ganga da jita mai kaurin amo suke tafiya tare ne kafin a zo kan murya. A jaz, taken da ake buɗewa da shi shimfiɗa ce kawai, gwanintar tana cikin abin da kowane makaɗi ya ƙirƙira nan take a kai, da yadda sauran suke amsa masa. A gambarar zamani kuwa ana duba yadda mawaƙi yake ɗora gaɓoɓin kalmominsa a kan bugu, da sarƙar amsa-amonsa, wato dacewar sautin ƙarshen layuka, da ko yana da abin faɗa bayan kirarin kai. Haka nan bai kamata a cakuɗa Afrobeat na Fela Kuti, wanda waƙa ɗaya kan cika fuskar faifai guda da busa da ganguna, da Afrobeats na yau mai waƙoƙin minti uku ba, duk da kusancin sunayen.

Idan kundin na Hausa ne, muna da kayan awo na gida da suka fi na aro dacewa. A waƙar baka ana duba gindin waƙa, wato amshin da ake yawan komawa kansa, ko yana da ƙarfin ɗaukar ɗiyan, wato baitocin, da aka ɗora masa, sannan a duba hulɗar jagora da 'yan amshi, ko suna karɓa suna ƙarawa ko kuwa maimaici kawai suke yi. A waƙoƙin situdiyo da ake rubutawa baiti-baiti ana duba zubi da tsari, ƙwar biyu ne ko ƙwar biyar, wato layi biyu ko biyar a kowane baiti, da ko mawaƙi ya riƙe babban amsa-amo har ƙarshe ba tare da ya tilasta wa kalma shiga inda ba muhallinta ba don kawai ta ƙare da gaɓar da yake so. Akwai kuma batun karin sauti, wanda mai sharhin waƙar Turanci ba ya fama da shi: Hausa harshe ne da hawa da saukar murya ke bambanta ma'ana, don haka idan karin waƙa ya ja kalma sama alhali ƙasa take sauka, kunnen Bahaushe yakan ji wani abu ya karkace ko da bai san sunansa ba. Makaɗin kalangu yana bin wannan hawa da sauka ta hanyar matse tsarkiya a hammatarsa yana sassautawa, shi ya sa ake cewa kalangu na magana. Kalangun da aka ciro daga fiyano ko kwamfuta sau da yawa amo ɗaya yake maimaitawa, kuma idan kundi ya yi iƙirarin komawa gargajiya da irin wannan, wajibi ne a faɗa. Wannan ba ya nufin kiɗan fiyano aibi ne, domin a kansa nanaye ta ginu kuma tana da nata gwanaye. Magana ce ta auna kundi da abin da shi ya ce zai yi.

Haka batun Auto-Tune yake, manhajar gyaran murya da ta fito a 1997. Akwai mai amfani da ita da gangan a matsayin ado, akwai mai ɓoye raunin murya a bayanta, kuma ana gane na biyun ne a wuraren da aka ja dogon sauti, inda muryar ke tsalle daga mataki zuwa mataki maimakon ta zame a hankali. Ka nemi sunayen waɗanda suka yi aikin, wato marubuci da furodusa da makaɗa da wanda ya haɗa sauti, domin sau da yawa abin da ake yaba wa mawaƙi aikin makaɗi ne, kuma ƙarar da aka cusa har ganga ta fara tsagewa laifin mai haɗa sauti ne.

Idan nau'in kiɗan baƙo ne a gare ka, ka saurari kundayen da mawaƙin ya yi a baya da na wasu takwarorinsa kafin ka rubuta kalma ɗaya. Idan harshen ne ba ka ji, kamar Tamashek na Buzaye ko Zulu, ka nemi fassara daga mai jin sa, ko kuma ka taƙaita hukuncinka a kan kiɗa da murya, ka bayyana cewa a nan ka tsaya.

Wajen rubutu, ka fara da hukuncinka ko da wani abu guda da ka ji a kundin wanda ya ƙunshi halinsa, ka bar tarihin haihuwar mawaƙi sai in yana da alaƙa da aikin. Kada ka bi waƙoƙi ɗaya bayan ɗaya kana ba kowace layi biyu, domin wannan jadawali ne. Ka zaɓi uku ko huɗu da suka ɗauki nauyin hujjarka ka zauna a kansu, sauran ka wuce su da jimla guda. Kalmomi irin su “ya yi daɗi” da “ya yi zafi” da “ba a magana” ba sa gaya wa kowa komai. Maimakon ka ce waƙa ta uku tana taɓa zuciya, ka ce a minti na biyu an janye duk kiɗa aka bar murya da gurmi kaɗai, kuma a nan ne baitin rabuwar ya sami sararin da yake buƙata. Kana iya kawo layi ɗaya ko biyu na waƙa don kafa hujja, kuma dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta amince da irin wannan ɗauko don sharhi da tarke, amma kwafe baitocin waƙa gaba ɗaya ya wuce wannan iyaka. Maki ko taurari, in za ka bayar, su zo daidai da abin da ka rubuta, domin mai karatu yakan lura idan an yi sakin layi huɗu ana kushe sannan aka ba da takwas cikin goma.

Ka tsaya a kan aikin, ka bar rayuwar mawaƙi da rigingimunsa sai in shi ya shigo da su cikin waƙa. Idan an ba ka kuɗi ko kyauta don ka rubuta, abin da za ka fitar talla ce, kuma ya kamata ka sa mata wannan suna a fili. Idan mawaƙin abokinka ne ko ɗan'uwanka, ka faɗa tun daga farko ko ka bar wa wani aikin. Ka kuma rubuta ranar da ka saurara da yawan waƙoƙin da ke kan kundin a lokacin, domin yanzu ana iya sauya haɗin sauti, a cire waƙa, ko a ƙara wasu a sake sakin kundin bayan 'yan makonni, ta yadda wanda ya karanta sharhinka daga baya zai iya tarar da waƙa ta bakwai da ka yi magana a kanta ta koma ta tara.