Kurakuran da ke hana jama'a zuwa kallon ƙwallon ƙafar sakandare a Amurka

A garuruwan Amurka da yawa, daren Juma'a na 'yan zari-rugar Amurka (American football) ne: fitilu a kunne, 'yan badujala na kiɗa, gari kaf ya fito. Ranar ƙwallon ƙafa kuwa sai ka tarar benci wayam, alhali ƙasar ta karɓi baƙuncin Gasar Kofin Duniya a 1994, matanta kuma sun ɗauki kofin a 1991, 1999, 2015 da 2019. Daga nan sai daraktan wasanni ya ce mutanen gari ne ba sa son wasan. A ganina, sau da yawa gyaran daga ofishinsa zai fara.

Babban kuskuren shi ne lokaci da wuri. A sa wasa ƙarfe huɗu na yamma ranar Talata, a filin bayan makaranta da babu wurin zama, iyaye kuma suna wurin aiki. Wa zai zo? Wasan sakandare a dokokin NFHS, hukumar da ke tsara dokokin wasannin sakandare a Amurka, minti 80 ne, 40 kowane ɓangare, don haka ana iya jera na mata da na maza a dare ɗaya a babban fili. Iyalai biyu sun haɗu ke nan, ɗalibai ma sun sami dalilin tsayawa. Ko sau uku aka yi haka a kaka ɗaya, yaran za su gane cewa makaranta ta ɗauke su da daraja, kuma abin da za su faɗa a gida ke nan.

Sai mantawa da ƙananan ƙungiyoyin unguwa. Tun 1964 ƙungiyar AYSO ke sa yara buga ƙwallo, ga kuma kulob-kulob barjat. A gayyace su su shigo kyauta da rigunansu, su riƙe hannun manya zuwa tsakiyar fili, su ɗan taɓa lokacin hutun rabin lokaci. Yaro ɗan shekara takwas ba ya zuwa shi kaɗai.

Wanda ya fi damuna shi ne yadda ake tsallake iyalan baƙi. Mutanen da suka zo daga Meziko, Amurka ta Tsakiya ko Afirka sun fi kowa sanin wasan nan, amma sanarwa ta fita da Turanci zalla, a shafin da ba sa buɗewa. Sun ji ba da su ake ba, sai su zauna a gida. A dubi Lewiston ta jihar Maine: a 2015 makarantar garin ta ci kofin jiha da 'yan wasa da yawansu 'ya'yan 'yan gudun hijirar Afirka ne, musamman Somaliya. Irin wannan ba ya samuwa sai an je wa mutane har inda suke. A fassara jadawali, a nemi dattijo ko uwa guda da ake jin maganarta ta isar da saƙo, a kuma sa iyayen cikin masu shawara, kada a tsaya ga ba su kujerar kallo.

Akwai kuma masu tuna iyaye sai in ana neman kuɗi. Wanda ba a taɓa tambayar ra'ayinsa ba, hannunsa na nauyin shiga aljihu. A ba kowa aikin da zai iya: wani ya riƙe ƙofa, wata ta ɗauki hoto, wani ya kai yara wasan waje. A nan dole darakta ya yi hattara da dokar Title IX ta 1972, wadda ta hana nuna bambanci tsakanin maza da mata a makarantun da ke samun kuɗin gwamnatin tarayya. Idan ƙungiyar iyaye ta tara kuɗi ta saya wa maza sababbin kaya, makaranta ce ke da alhakin ganin ba a bar mata a baya ba. Cewa "ai gudummawa ce" ba ta fitar da ita.

Na ƙarshe, kawar da kai idan 'yan kallo na zagin alƙalin wasa. Jihohi da dama na fama da ƙarancin alƙalai, kuma cin mutunci na cikin abin da ke korar su. Uwa mai ƙananan yara ma in ta ji ashar sau ɗaya ba za ta dawo ba. A faɗi ƙa'ida da lasifika kafin a take ƙwallo, darakta ko wakilinsa ya tsaya inda ake ganinsa, wanda ya wuce gona da iri a raka shi waje ko da ɗansa ne kyaftin.