Yadda za ka fita da ranka in turmutsutsu ya ɓarke a sitad

Ku masu zuwa kallon balo a sitad Seyni Kountché nan Yamai, don Allah ku ɗan saurara. Ran 9 ga Mayu 2001 a Akra ta Gana, ana wasan ƙungiyoyin Hearts of Oak da Asante Kotoko, 'yan kallo suka fara jifa da kujeru, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa alhali ƙofofi na rufe, mutum 126 suka rasu, Allah ya jiƙansu, da yawansu ma 'yan unguwar Nima ne. An kai manyan 'yan sanda 6 kotu, daga baya aka sallame su. A Yawunde ta Kamaru ma, Janairu 2022, mutum 8 suka mutu a turmutsutsu a ƙofar shiga filin Olembe.

To, abu na farko ka je da wuri da tikenka a hannu. Kana zama ka waiga ka nemo wata ƙofar ban da wadda ka shigo, don in abu ya ɓaci kowa hanyar da ya sani yake nufa.

In matsi ya kama ka, ɗaga hannuwa biyu gaban ƙirji kamar ɗan dambe ya ja tunga, don yawanci ba tattakewa ke kashe mutane ba, a tsaye numfashi ke ƙare musu, ƙirji ya rasa wurin buɗewa. Kar ka yi ihu, iskar kake ɓarnatarwa. Silifas ya fita ko waya ta faɗi, wallahi bar su, wanda ya duƙa da wuya ya miƙe. Kuma kar ka ce za ka yi dambe da taro, bi su a hankali kana zamewa gefe-gefe, nesa da bango da shingen ƙarfe. In ka faɗi kwanta ta gefe, ka dunƙule ka kare kai.

Barkonon tsohuwa kuwa, jiƙa rawani ko riga da ruwan leda ka rufe hanci, ban da murza ido.

Ni dai in aka tashi wasa ban motsawa sai matakala ta yi fili, kabu-kabu ba ya ƙarewa a gari. In ka ga wanda ya suma amma yana numfashi, ja shi inda iska take, kwantar da shi ta gefe, a kira 'yan kwana-kwana a 18.