Yadda Ake Tsayuwar Doki a Wasan Kungfu

Yawancin samarin da ke zuwa koyon kungfu abin da suka gani a fina-finan Chaina suke nema: tsalle, shuri a sama, wulwula sanda. Sai malami ya tsayar da su wuri guda, ya ce su buɗe ƙafa su rusuna. Kafin wata ya ƙare da yawa sun gudu, waɗansu kuma sun tafi da ciwon gwiwa. Masu ciwon gwiwar nan su suka fi damuna, domin ba gajiya ce ta kore su ba, kuskure ne da za a iya gyarawa tun ranar farko.

Sinawa na kiran wannan tsayuwa mabu, wato tsayuwar doki. A wushu na zamani, wato kungfu na gasa wanda aka tsara a ƙasar Sin a shekarun 1950, tana cikin tsayuwa biyar da ake fara koyarwa, tare da gongbu da pubu da xubu da xiebu. Amma ta girmi wannan tsari nesa ba kusa ba. A gidan ibadar Shaolin da ke Dengfeng a lardin Henan, wanda aka gina a 495, akwai zauren da daɓensa ya lotsa wuri-wuri, kuma ana danganta ramukan da sawun masu horo na zamanin da. A kudu kuwa, 'yan salon Hung Gar na lardin Guangdong, salon da aka san Wong Fei-hung da shi, sun shahara da daɗewa cikinta kafin a koya musu naushi ko ɗaya. Dattawan wannan fage suna cewa wanda ya koyi naushi bai gina tushe ba, zai tsufa hannu rabbana.

Ka fara da wuri. Ƙasa mai tauri, shimfiɗaɗɗiya, marar santsi. Ban yarda da tayil ba, musamman idan ƙafa ta fara gumi. Kada ka kashe kuɗi kan rigar siliki mai maɓallan igiya, wando mai walawa da tsohuwar singileti sun wadatar. Idan za ka sa takalmi, nemi mai siririn ƙasa irin Feiyue da ɗaliban wushu ke sawa a Sin, ba shi da tsada. Kambas mai tudun dunduniya zai tura ka gaba, gara ka tsaya ba takalmi. Ka ɗan zagaya ka motsa gwiwa da ƙugu har jini ya ɗumama. Ni a wurina bayan asuba ne lokacinta, ciki ba nauyi.

Buɗe ƙafa kamar ninki uku na tsawon tafin ƙafarka. Yatsu su kalli gaba. Idan ƙugunka ya ƙi, bar su su ɗan karkata waje kaɗan, zai gyaru daga baya. Dunƙule hannu ka ajiye a ƙugu, tafi yana kallon sama. Sannan ka sauka a hankali, kamar mai shirin zama kan kujera 'yar tsugunno, mazaunai su fara tafiya kafin gwiwa.

To, a nan ake samun matsala. Da zarar cinya ta fara zafi, gwiwoyi sai su lanƙwaso ciki suna neman juna, tafin ƙafa ya kwanta ta gefen babban yatsa. Mai yi ba ya ji, don a lokacin sauƙi yake samu: nauyin da ya kamata naman cinya ya ɗauka ya koma kan jijiyoyin cikin gwiwa. Nama yana gajiya ya huta ya ƙara ƙarfi, jijiya kuwa idan ta ji rauni tana daɗewa ba ta warke ba. Saboda haka duk inda yatsunka suka kalla, nan gwiwa za ta kalla. Ka tura gwiwoyin waje daga ƙugu, amma babban yatsa ya zauna daram a ƙasa, kada ya ɗaga. Za ka ji aikin ya koma gefen mazaunai da cikin cinya, wannan ita ce alamar kana kan hanya. Leƙa ƙasa sau ɗaya: idan kana hango babban yatsanka ta cikin gwiwa, da kyau. Idan gwiwa ta rufe shi, ta shigo ciki, tashi ka sake.

Wani zai ce ai ya ga 'yan salon Wing Chun, ɗaliban shahararren malaminsa Ip Man, suna tsayawa gwiwa a ciki. Haka ne, amma tasu tsayuwar daban ce: ƙunƙuntacciya ce, a sama take, kuma yatsun ma ciki suke kallo, don haka gwiwa da yatsu ba su saɓa ba. Haɗa faɗin mabu da gwiwar Wing Chun shi ne ke karya mutane.

Wani abu kuma da ke jawo karkacewar gwiwa shi ne gaggawar sauka. A gasar wushu ana son cinya ta kwanta daidai da ƙasa, har a iya ɗora sanda a kai ba ta gangaro ba. Wannan makoma ce, ba mafari ba. Ka tsaya a tsayin da gwiwarka ba ta karkace ba, ko da rabin hanya ne. Kuma ka bambance ciwo biyu: zafi da rawar cinya, wannan aiki ne, ka daure. Suka a cikin gwiwa ko ƙarƙashin ƙoƙonta, ka tashi nan take, babu jarumtaka a ciki.

Baya ya miƙe, kada mazaunai su turo baya, ƙirji kuma kada ya rufta. Haɓa ta ɗan shigo, kafaɗu su saki. Masu jingina da bango don su daɗe suna yaudarar kansu ne, bangon ke riƙe musu daidaito.

Numfashi ta hanci, ya sauka har ƙasan cibiya. Kada ka riƙe shi. Mai hawan jini ko tsohon rauni a gwiwa ya fara ganin likita.

Batun lokaci, ana cewa a da da turaren tsinke ake aunawa, sai ya cinye a tashi. Kai fara da daƙiƙa 30 sau uku, da hutu a tsakani, kana ƙara kaɗan-kaɗan kowane mako. Daƙiƙa 30 a daidai ta fi minti biyar a karkace. Idan ka gama kada ka zabura ka miƙe, kada kuma ka zube ƙasa. Taso a hankali, karkaɗe ƙafafu, ka ɗan taka.

Ranar da ka riƙe minti biyu gwiwa ba ta motsa ba, sai ka ƙara naushi: hannu ɗaya ya fita daga ƙugu yana murɗawa, ɗayan ya koma, kai kuma kada ya yi sama da ƙasa. Bayan nan ka koyi juyawa zuwa gongbu, tsayuwar da gwiwar gaba ke lanƙwashe ƙafar baya kuma a miƙe: ka murza dunduniyar baya, ƙafar ta miƙe, ƙugu ya juya, sannan ka dawo mabu, dama da hagu. Wannan juyin kam ka nemi wanda ya iya ya tsaya a gefenka yana duba maka gwiwar gaba.