Yadda Ake Gyara Yoyon Taga a Tsohuwar Tirelar Kwana ta Faibagilas

Tirelolin kwana irin su Boler, wadda aka fara ƙerawa a Kanada a 1968, jikinsu na faibagilas, wato roba mai tauri da aka haɗa da zaren gilashi, ba ya ruɓewa, amma katakon daɓensu yana ruɓewa, kuma yawancin ruwan da ke cinye shi ta taga yake shigowa. Abin da mutane suka fi yi shi ne shafa danƙon silikon a gefen firam ɗin tagar daga waje, kuma a ganina wannan ɓata aiki ne, domin bayan ɗan lokaci yana ɗagowa, sannan babu abin da ke kama wurin da ya taɓa, har da sabon silikon.

Kafin a kwance komai, a tabbatar da inda ruwan yake bi. Mutum ɗaya ya zauna ciki, ɗaya ya riƙa zuba ruwa da tiyo daga ƙasa zuwa sama sannu a hankali, saboda sau da yawa yoyon daga rufi ko fitilar waje yake gangarowa. A duba kuma ƙananan ramukan da ke ƙasan firam, waɗanda aka yi don fitar ruwa; idan ƙura ta toshe su, siririyar waya ta isa.

Idan laifin na tagar ne, sai a cire ta gaba ɗaya. A kwance sukurun da ke ciki alhali wani yana tallafe da ita daga waje, a kankare tsohon danƙo da abin kankara na roba don kada a karce jikin tirelar, a goge da sifirit, a bari ya bushe sarai. Daga nan a manna tef ɗin butil, wato danƙo mai laushi da ke hana ruwa shiga, a bayan leɓen firam, a fara daga tsakiyar ƙasa don mahaɗarsa ta kasance can, kuma kada a ja shi ya miƙe. Tun da jikin tirelar a lanƙwashe yake, firam kuwa a miƙe, inda giɓi ya yi faɗi a ninka tef ɗin.

Wajen ɗaurewa ake bukatar haƙuri. A yi amfani da sukurun da ba ya tsatsa, a riƙa ɗaurewa kaɗan-kaɗan ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan, har butil ya tsattsafo ko'ina. Bayan kwana biyu ko uku a ƙara ɗaurewa, a yanke rarar, sannan a sake gwadawa da tiyo.