Yadda ake maganin kaushi da faso lokacin hunturu

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa, daga Nuwamba zuwa wajen Fabrairu, sai ka ga mutane sun far wa diddigensu da dutse ko reza. Bayan sati biyu kaushin ya dawo, har ya fi na da kauri.

Fata da kanta take sabunta kanta. Sabuwa tana tasowa daga ciki, ta hau sama sannu a hankali, ta mutu ta zube, cikin kamar sati 4 ga matashi, ga dattijo kuma ya fi haka jimawa. Farin garin nan da kake gani idan ka cire safa ko ka karkaɗe zanin gado, fatarka ce, ita ce kuma ke ƙara wa ƙurar ɗaki yawa. A tafin ƙafa lissafin yake rikicewa, don fatar wurin ta fi ta ko'ina kauri, kuma ba ta fitar da maiƙo irin na sauran jiki. Sai matacciyar fatar ta taru ta ƙandare, nauyin jiki ya danne ta, ta tsage.

Fara da jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi, minti 10 zuwa 15, bayan sallar isha'i ya fi. Kada ka barbaɗa omo a ciki. Na wanki ne, ƙara busar da fata yake yi.

Wajen gogewa ake ɓata aikin. Idan ƙafar ta yi laushi, ɗauki dutsen goge ƙafa, wannan mara nauyi mai ƙananan huji da ake sayarwa a kasuwa da araha, ka riƙa zagayawa a hankali a gefen diddige. Farin da ke murmushewa yana bin ruwa, shi kaɗai kake nema. Da ka hango wurin ya fara ja, ko ka ji raɗaɗi, ka kai ga fata mai rai, ajiye dutsen. Fata idan aka gurje ta da ƙarfi, ƙara kauri take yi don ta kare kanta, shi ya sa masu son gamawa a dare ɗaya ba sa rabuwa da kaushi. Sau biyu a sati ya wadatar. Inda ya riga ya tsage kuwa, zagaye shi, kada dutse ya shiga ramin. Reza dai babu ita a wannan aiki, ko a hannun mai yankan farce.

Tsane ƙafar sama-sama, ka shafa mai tun da sauran danshi. Ni man kaɗanya nake zaɓa, basilin ma yana yi. Akwai man shafawa mai sinadarin yuriya a kemis, yana narkar da kaushi da sauri, sai dai ya fi tsada. Sa safar auduga ka kwanta.

Da rana a riƙa shafa mai bayan alwala, a rage yawo da silifas, a wanke safa da zanin gado duk sati. Mai ciwon suga kada ya goge da kansa, shi da wanda fasonsa ke jini ko ruwa, asibiti za su je a duba.