Yadda ake horar da ɗan sakandaren Chaina sauraro da karatun Turanci kafin gaokao, jarabawar shiga jami'a

A shekarata ta biyu a Wuhan wani abokin karatuna ɗan garin ya roƙe ni in dinga zama da ƙaninsa duk ranar Lahadi da yamma. Yaron yana ajin ƙarshe na babbar sakandare, wanda suke kira gao san, kuma Turanci ne ke ja masa baya. Ni dai ban taɓa riƙe alli ba, amma tunda sun ji da Turanci muka yi makaranta a gida sai suka ɗauka ai malami ya samu. Na ce to. Kuɗi ban karɓa ba, kai ma in kana can da bizar ɗalibi kar ka kuskura, lesin na kuɗi da irin wannan bizar rigima ce da hukuma. Ladana dai taliyar nan ta Wuhan mai miyar riɗi, da kifin da mamarsa ke dafa min daban tunda ta san ba komai nake ci ba. Abin da zan zayyano nan shi ne yadda muka yi, rabi daga malamansa na kwaso, rabi kuma sai da muka yi ta tuntuɓe kafin muka gane.

Matakin farko, san takardar kafin ka buɗe baki

Gaokao ita ce jarabawar shiga jami'a, ana farawa 7 ga Yuni duk shekara, Turanci kuma ranar 8 ga wata daga ƙarfe 3 zuwa 5 na yamma. A 2024 mutum miliyan 13.42 ne suka yi rajista, kaga kenan maki ɗaya tal yana iya sa yaro ya wuce dubban mutane a lardinsu ko su wuce shi. Turanci maki 150 ne. A takardar da lardin Hubei, inda Wuhan yake, ke rubutawa sauraro yana da 30, tambaya 20 kowacce maki ɗaya da rabi, karatu yana da 50, cike gurbi da nahawu 30, rubutu 40. Wato sauraro da karatu kaɗai 80 ne, sun fi rabi.

Amma fa ka tambayi lardin da yaron zai rubuta, don ba ɗaya ba ne. A Beijing sauraro da magana a kwamfuta ake yi tun kafin Yuni, a Shanghai da Zhejiang kuma sau biyu ake ba su damar rubuta Turanci a shekara. In ka horar da yaro kan tsarin da ba nasu ba ka yi aikin baban giwa.

Mataki na biyu, gano inda ciwon yake

Ka samo takardar gaokao ta gaske ta wata shekara da ta wuce, su zhenti suke ce mata, da muryar da aka kunna a shekarar, duk ana samu. Ka kunna masa a lasifika, ba iyafis ba, ka sa agogo, kar ka tsayar ko da ya yi maka ido. In ya gama kar ka tsaya kan makin da ya ci, ka ɗauki duk wadda ya faɗi ku duba tare: kalmar ce bai sani ba sam, ko ya san ta a rubuce amma kunnensa bai gane ta ba, ko kuwa ya ji komai amma tambayar ta yi masa tarko. Na yaron nan kusan duk iri na biyu ne. Na ba shi rubutaccen abin da aka faɗa ya karanta, sai ya dafe kai, babu kalma ɗaya da bai sani ba a ciki. Shekara da shekaru yana haddar kalmomi da ido, kunne kuwa ba a taɓa ba shi rabonsa ba. Mu ma ai mun san irin wannan, tunda a Najeriya ko jarabawar furuci ta WAEC a takarda muka yi ta babu abin da aka kunna mana.

Mataki na uku, tauna murya ɗaya har ta narke

Nan ne aikin yake, kuma nan muka fi sa'insa da shi. Ɗabi'ar ɗaliban can ita ce shuati, wato a yi ta sharar tambayoyi, takarda bayan takarda, a duba amsa a wuce. Yaron yana iya yin sauraro biyar a mako kuma makinsa yana nan inda yake kamar an kafe shi. Abin da malamansa ke kira jingting shi ya motsa shi, kuma ga yadda ake yi.

Ka ɗauki hira ɗaya gajera, wadda ba ta wuce minti ɗaya ba. Ya saurara sau ɗaya gaba ɗaya ya gaya maka su waye ke magana, a ina, kan me. Sai a dawo farko, jimla ɗaya a tsayar, ya rubuta abin da ya ji kalma bayan kalma, in bai kama ba a maimaita har sau uku ko huɗu, in ya ƙi ya bar gurbi a wuce. Bayan an gama sai a buɗe rubutun asali ya gyara da jan biro. Jan nan shi ne darasin, ba wani abu ba. Daga nan sai ya kunna ya dinga bin mai maganar da baki, a bayansa kaɗan, yana kwaikwayon inda ya ja da inda ya haɗiye, har sai bakinsa ya iya faɗin jimlar da saurin da aka faɗe ta. Abin da bakinka ya iya furtawa da wuya ya sake wuce kunnenka.

Na tuna wata rana mun maƙale a kan pick it up. Sau shida na kunna, shi dai kalma ɗaya yake ji, har ya buɗe ƙamus yana neman wata aba wai ita pikitap. Da ya ga rubutun sai ya kwashe da dariya har da buga tebur, ya ce ai tun firamare ya san waɗannan ukun. Matsalar ita ce Sinanci gaɓa-gaɓa yake fita, kowacce a tsaye, Turanci kuwa wutsiyar wannan kalma ke shiga kan waccan. Sai kuma thirteen da thirty, da can da can't, da a quarter to da a quarter past, waɗannan kullum suna cikin jan biro. 'Yan Hubei kuma suna da tasu ta daban, n da l suna rikice musu tun a yarensu, night da light duk ɗaya yake ji. Na fara yi masa dariya kenan sai ya ce in faɗi people da four, to ka san Bahaushe da p da f, nan na kama bakina. Tun ranar na daina karanta masa da muryata, muryar jarabawar ita ce malama, ni mai danna maɓalli ne kawai.

Minti 20 a rana ya isa, amma kullum. Hira ɗaya da aka tauna haka ta fi takarda biyar da aka share, wannan kam zan iya rantsuwa a kai.

Mataki na huɗu, koya masa satar daƙiƙoƙi

A takardun da muka yi aiki da su, sashen farko gajerun hira biyar ne kuma sau ɗaya ake kunna kowacce, sai daƙiƙa 10 na amsawa da leƙa ta gaba. Sashe na biyu tambaya 15 ne kan hira ko jawabi biyar, sau biyu ake kunnawa, ana ba da daƙiƙa 5 ga kowace tambaya kafin a fara. Yaro mai wayo ba ya zama yana sauraron umarnin da ake karantowa da Sinanci, ya riga ya haddace shi, wannan lokacin yake amfani da shi ya ja layi ƙarƙashin abin da ya bambanta A da B da C. Akwai ma wani misali da aka daɗe ana kunnawa a farkon sauraro, na kuɗin riga, fam tara da fenni goma sha biyar, duk wanda ya yi sakandare a Chaina ya san shi har ya zama abin barkwanci a intanet. To lokacin rigar nan ma na karanta tambayoyi ne.

Ka nuna masa cewa lambar farko da ya ji galibi ba ita ce amsa ba. Za a ce jirgin ƙasa zai tashi ƙarfe takwas amma an jinkirta rabin awa, ko tikiti dala goma ne yara rabin kuɗi, sai ya yi ɗan lissafi. Duk inda ya ji but ko actually ya miƙe kunne. In tambaya ta wuce shi ta wuce, ya zaɓi ɗaya ya bi ta gaba, masu tsayawa jimamin guda ɗaya su ne ke asarar uku.

Mataki na biyar, karatu da agogo a gefe

Nassi huɗu ne, A zuwa D, tambaya 15 kowacce maki biyu da rabi, sai kuma qi xuan wu, inda aka cire jimla biyar daga wani rubutu aka ba ka bakwai ka mayar da biyar mazauninsu. Ni minti 35 zuwa 40 na ware masa ga duka, saboda rubutun ƙarshe yana cin lokaci, ga wasiƙar da ake rubutawa da sunan Li Hua, wani ɗalibin ƙirƙira da ya daɗe yana sa yaran Chaina rubuta masa wasiƙa bai taɓa rubuta ko ɗaya da kansa ba, ga kuma ƙarasa labari.

Nassin A yawanci sanarwa ce ko talla, tambaya ake fara karantawa sai a nemo amsar da ido, minti biyar ya yi yawa. B galibi labarin wani mutum ne. C da D su ne masu ƙashi, bayanin wani bincike ko ra'ayin marubuci, nan zai karanta sakin farko a natse da jimlar farko ta kowane saki kafin ya taɓa tambaya. Dokar da na kafa masa ita ce babu amsar da zai zaɓa sai ya ja layi a cikin nassin ya rubuta lambar tambayar a gefe, in na ce me ya sa C sai ya nuna min da yatsa. Ya ji a jikinsa ba hujja ba ce. Da aka yi haka sati uku shi da kansa ya lura cewa amsar gaskiya kusan kullum an sauya mata kaya, ma'ana ɗaya kalmomi daban, ita kuwa wadda ta kwaso kalmomin nassin sak sau da yawa ita ce tarkon, an ɗan ƙara mata all ko never ko only an lalata ta.

Dogayen jimloli kuwa, irin mai layi huɗu da ke sa yaro ya fara daga farko sau uku, mukan ɗauki biyu duk zama mu feɗe su. Ya nemo aikatau na ainihi, ya nemo mai aikin, duk abin da ke tsakanin waƙafi biyu ko bayan which ya rufe shi da yatsa tukuna. In ƙashin bayan ya fito sai a mayar da naman. A qi xuan wu kuma ƙananan kalmomi ne ke tona asiri, in jimla ta fara da they ko this dole akwai abin da take nuni gare shi a jimlar da ta gabata, in babu to ba gurbinta ba ne.

Mataki na shida, littafin kurakurai da abin sauraron nishaɗi

Kowane ɗalibi a can yana da cuotiben, littafin da ake tara tambayoyin da aka faɗi. Nasa cike yake da kwafin tambaya da amsa cikin rubutu mai kyau, amma babu dalili ko ɗaya. Na ce layi ɗaya ya isa, ya rubuta me ya yaudare shi. Kalmomi 3,500 da kowa ke haddacewa ban hana ba, sai dai na ce duk kalmar da zai haddace ya ji furucinta, da safe lokacin da ajinsu ke karatu da ƙarfi ya faɗe ta yadda ya ji.

Sai fanting, sauraron da ba a tsayarwa, a hanya ko wajen cin abinci. Kar ka tura masa abin YouTube, ba ya buɗewa a can, kuma makarantarsu ba a shiga da waya, don haka wata 'yar na'urar MP3 muka loda wa tsofaffin muryoyin jarabawa da gajerun shirye-shiryen koyon Turanci na BBC. Wanda ya riga ya tauna shi ya fi amfani a nan.

Mataki na ƙarshe, wata ɗaya kafin ranar

Duk gwajin da za a yi yanzu a yi shi ƙarfe 3 na yamma, cikakken awa biyu, don lokacin ne barci ke ɗaukar mutum ga zafin Wuhan na Yuni. A lasifika, taga a buɗe, fanka tana ƙara, wani lokacin ma da gangan nake tari ko in ja kujera. Ya saba da shafa amsa da fensir 2B cikin minti biyun da ake bayarwa bayan sauraro, ba wai ya bari sai ƙarshe ba. Sababbin tambayoyi masu wuya a ajiye su, a koma kan littafin kurakurai da takardun shekara uku na baya.

Ka kuma nanata masa zancen ƙofa: ranar Turanci ƙarfe 2:45 ake rufewa saboda gwajin lasifika, wanda ya makara ba ya shiga ko da kuka zai yi. Ranar tasa na raka su, an tare titin gaban makarantar, an hana hon, iyaye mata wasu sanye da doguwar rigar nan qipao don neman sa'a sun yi cirko-cirko a rana. Da aka fara sauraro titin ya yi tsit kamar an ɗauke wuta. Mamarsa ta miƙo min ruwa, muka samu gindin bishiya muka zauna jiran ƙarfe biyar.