Yadda Za Ka Zagaya Ƙauyen Conques A Faransa Ka Ci Moriyar Tafiyar

In dai hanya ta bi da kai kudancin Faransa, yankin Aveyron, to ka ware wa Conques rana guda da dare guda. Masu zuwa awa biyu su ɗau hoto su wuce, wallahi kuɗin mota kawai suka ɓata. Daga Rodez, babban garin yankin, ake zuwa, tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba a mota, kuma za ka bar motar a fakin a bakin gari don lungunan matsattsu ne, duk dutse ne, ga hawa ga gangara, saboda haka ka sa takalmin da ba ya santsi.

Kar ka yi saurin shiga cocin Sainte-Foy, tsaya a ƙofa tukuna ka ɗaga kai. Akwai sassaƙen ranar hisabi a saman ƙofar, mutum 124 aka sassaƙa tun ƙarni na 12, a hagunka 'yan aljanna a jere tsaf cikin natsuwa, a damanka kuwa wuta ce, an rataye marowaci da jakar kuɗinsa a wuya, ana zaro harshen mai gulma, har da limaman coci da sarki a ciki, ba a raga wa kowa ba. Nan za ka fi daɗewa, kuma ya cancanta.

Sai ka sayi tikiti ka shiga ɗakin taska ka ga mutum-mutumin zinare na Foy, wadda aka sa wa cocin sunanta. Yarinya ce Kirista da aka kashe a garin Agen zamanin Rumawa, wajen shekarar 303, kuma abin mamaki ƙasusuwanta sato su aka yi, wani ɗan zuhudun Conques ya je Agen ya zauna har suka amince da shi sannan ya kwaso su wajen 866. Wannan satar ce ta jawo masu ziyara da kuɗi har aka gina cocin, ƙauyen ya zama zango a hanyar da Kiristoci masu ziyarar ibada ke bi zuwa Compostela ta Sifen. Lokacin juyin juya halin Faransa mutanen gari ne suka rarraba kayan taskar suka ɓoye a gidajensu.

Cikin cocin ka lura da tagogin gilashi da mai zane Pierre Soulages ya tsara, guda 104, an gama su 1994. Ba su da launi mai ɗaukar ido, wasu ba sa so, ni dai sun yi min daidai da ginin.

Da yamma ka sauka wajen tsohuwar gadar kogin Dourdou, ko ka hau tudun Bancarel ka hango garin gaba ɗaya.

Batun abinci, za a kawo maka aligot, dankalin turawa ne da aka kirɓa da cuku, amma ka tambaya kafin ka ci don yawanci da naman alade ake haɗo shi. Masauki kuma ka kama tun da wuri in lokacin zafi ne, masu tafiyar ƙafa zuwa Compostela daga garin Le Puy suna cika ɗakunan.